Sauron Ɗakin Gwaggo Hajo

A shekarar da sojoji suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki, mutane da yawa da suka yi nisa da gida suka fara waiwayowa. Cikinsu har da Sa'adiyya, 'yar Yakasai, wadda ta yi shekaru a Turai tana karatun sauro har aka ba ta digirin dakta a kansa. Ƙasashen da suka juya mana baya zamanin soja sun sake sakin fuska, sai wata gidauniyar bincike ta ba jami'ar da ke Kano gurbin aiki irin wanda ake bai wa mai sabon digirin dakta, ya yi bincike a ƙarƙashin wani babba kafin ya tsaya da ƙafarsa. 'Yan boko suna ce masa postdoc. Sa'adiyya ta nema ta samu, ta dawo gida bakinta har kunne. Mijinta Malam Sadiƙ, wanda ya gaji da zaman gwauro da matarsa a raye, ya kama musu gida a bayan lungun da ta tashi.

A lungun nan ne Gwaggo Hajo take, yayar mahaifin Sa'adiyya, wadda ta riƙe ta tun daga yaye. Ranar da aka yi mata bayanin aikin sai ta gyara zama ta ce, "To wai har yanzu karatun bai ƙare ba?"

"Ya ƙare, Gwaggo. Yanzu aiki ne."

"Aikin sauro."

"Aikin sauro."

Gwaggo ta jinjina kai ta ce Allah ya sa albarka, in dai a Kano za a yi, ko na kiyashi ne ta yarda.

Sai an san Gwaggo Hajo za a gane abin da ya biyo baya. Ta yi aure a Maiduguri tana yarinya, ta dawo ba ɗa ba jika, amma ta dawo da haɗin turaren wuta a hannunta. Duk amaryar da za a kai daga Yakasai har Sheshe, kwalabenta daga hannun Hajo suke fitowa. Kaskonta ba ya mutuwa, safe da yamma, kuma makaho ma in ya shigo lungun ya san ya zo ƙofar gidanta. Ɗakinta kuwa mata kan aiko surukansu su leƙa da sunan gaisuwa, don su ga yadda ake jera kwanuka a share ƙarƙashin gado. Tana sane da haka, tana kuma jin daɗinsa, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Aikin Sa'adiyya a baki ba wuya. Macen sauro in ta sha jini ta ƙoshi, sai ta nemi bango mai duhu a cikin ɗaki ta lafe har cikinta ya sauka. Irin waɗannan ake so, da ransu. Ana bin su da tocila bayan asuba, a zuƙo su da wani siririn bututu mai yadi a tsakiya don kada su wuce maƙogwaro, a hura su cikin kofin takarda da aka rufe bakinsa da yadin gidan sauro. A jami'a za su yi ƙwai, a raini 'ya'yan, a gwada musu magungunan da mutane ke fesawa a ga wanne ne har yanzu yake kashe su, wanne suka raina. Farfesa Nata'ala, wanda take aiki a ƙarƙashinsa, ya daɗe yana son yin wannan a cikin birni, amma ma'aikatansa duk maza ne, iyakarsu zaure.

"Ke kuwa 'yar gida ce, babu labulen da ba za a ɗaga miki ba," in ji shi. "Sai dai ki sani, masu gidauniyar daminar bana kawai suka ba mu ta gwaji. In ruwa ya ɗauke muna da sauron cikin birni yana hayayyafa a ɗakin gwajinmu, aikin ya zauna a Kano. In babu, za su mayar da shi wurinsu can, ke ma ki bi shi."

Sa'adiyya ta yi murmushi. Sauro a Yakasai da damina, ga kududdufai sun cika sun batse? Ta ce masa ya fara tanadin inda za a zuba su.

Ba a faɗa wa mutane gida da sassafe ba sanarwa, wannan ko yaro ya sani. Don haka ta roƙi Gwaggo ta riƙa gaya wa matan gidan da za ta shiga tun ana gobe. Gwaggo ta karɓi aikin hannu bibbiyu, ta yafa mayafi ta shiga unguwa.

Gidan farko aka tarbe ta kamar mai dawowa daga Makka. Tabarma sabuwa, kunun tsamiya da ƙosai, gaisuwa har da tambayar sanyin Turai. Da aka ɗaga mata labule sai ƙamshi ya bugi fuskarta. Daɓe yana sheƙi, gado a gyare, bango fes ko yanar gizo babu. Ta haska bayan kwanuka, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta karkaɗa kayan da ke rataye. Ko ɗaya. Ta fito ta yi godiya, matar gidan tana ta washe baki kamar wadda ta ci jarrabawa.

Gida na biyu haka, na uku haka. Mako ya bi mako, tana komawa jami'a da kofuna fayau, wani lokacin da guda ɗaya tilo wanda shi ma kafin azahar ya miƙe ƙafafu. Abin ya ɗaure mata kai, don da magariba a unguwar nan ba ka iya buɗe baki ka yi hamma. Ta canza tocila, ta canza lokacin fita, ta koma ta karanta abin da ta riga ta sani. Farfesa Nata'ala kuwa sai dai ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa yana kallon kejin da ba kowa a ciki, ya yi gyaran murya ya wuce. Da ya yi faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

Ran nan ta yi sammako fiye da kullum zuwa gidan Inna Larai, ƙawar Gwaggo tun ƙuruciya. Ta yi sallama ta shige tsakar gida, sai ta tarar da tsohuwa ta ɗaure hanci da ɗankwali, kwalbar fiya-fiya, maganin sauro, a hannu tana yayyafawa lungu-lungu, surukarta tana bugun bango da tsintsiya, ga kasko yana tiriri a bakin ƙofa.

"Haba Dakta, kin yi sauri," in ji Inna Larai. "Ba mu gama ba. Zauna a kawo miki koko."

"Ba ku gama me ba, Inna?"

"Gyaran ɗaki mana. Hajo ta ce gobe 'yarta za ta zo duba ɗakuna, kada wadda ta ba ta kunya. Tun jiya muke abu ɗaya."

Sa'adiyya ta nemi turmi ta zauna. Ta ce, "Inna, ai sauron nake nema."

"Na sani. Shi ya sa."

Tsohuwa ta sauke ɗankwalin daga hancinta ta yi mata bayani a tsanake, yadda ake yi wa wanda ya daɗe ba ya gari. Zamanin En'e, ta ce, 'yan duba-gari haka suke shigowa da sassafe da ludayinsu, su leƙa randa, in suka ga tsutsa a ruwa sai sammaci. An taɓa kai uwarta gaban alƙali a kan haka, kuma tarar ba ta dami kowa ba kamar yadda aka yi shekara ana nuna gidansu da baki. "Yanzu ga tamu ta zama babbar duba-gari, har daga Turai. Mu bari ta shigo ta same mu da sauro?"

Sa'adiyya ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta sha kokon, don an riga an zubo.

Da la'asar ta sami Gwaggo a gindin murhu tana narka sukari a tukunya, ga sandal da hawi an daddatsa a faranti ana jiran haɗi. Ta gaishe ta, ta zauna, ta bari aka gama zancen ruwan da aka yi shekaranjiya, sannan ta kawo maganar a hankali. Ta ce sauron da rai take so, kuma sai ɗakin da ba a fesa ba, ba a turara ba, ba a buge bango ba.

Gwaggo ta tsaya da juya tukunya. "So kike in bi gidajen mutane in ce su kwana cikin ƙazanta don 'yata za ta zo?"

"Sauro ba ruwansa da ƙazantar ɗaki, Gwaggo. Daga kududdufi yake zuwa. Ɗakin da ya fi kowanne tsafta ma yana shiga."

"Ke kika karanta wannan, su ba su karanta ba. Ki shiga ɗakin mace ki fito da kofi cike, gobe a gidan suna a ce ai a gidan wance aka samu. Wa kike so ta fara ɗaukar wannan sunan?"

Sa'adiyya ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "In damina ta wuce ban samu ba, za su mayar da aikin can. Ni ma sai na koma."

"Ki koma ina?"

"Inda na fito."

Gwaggo ta zuba itacen cikin sukarin ta ci gaba da juyawa da ƙarfin da haɗin ba ya buƙata, har Sa'adiyya ta gaji da zama ta yi sallama ta tafi.

Daga nan ta gwada zuwa ba sanarwa, ta ajiye kunya a gefe. Bai yi ba. Matan Yakasai ba a yi musu wayo a cikin gidajensu. Za a tare ta a tsakar gida da gaisuwa mai tsawo, a tambayi mai gida, a tambayi gajiya, a sake tambayar mai gida, ita kuwa tana jin ƙarar tsintsiya a bayan labule. Ta yi bayani har bakinta ya bushe, kowa ta ce ai gaskiya ne Dakta, Allah ya taimaka, a fara da gidan maƙwabta. Ga shi sabon gero ya fara shigowa kasuwa, hadari yana haɗuwa da yamma ya yi ta rugugi ya watse ba ɗigo. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna ɗakinta na can, da duhun da ke rufowa tun la'asar, da yadda take kwana bakwai ba wanda ya ce mata sannu da Hausa. Ba ta son komawa, ko kaɗan.

Cikin wannan hali ba ta lura da abin da duk lungu ya lura da shi ba. Malam Sadiƙ ne ya dawo daga masallaci ya ce, "Lafiyar Gwaggo kuwa? Kwana biyu in na wuce ƙofarta ba na jin turare. Har liman ya tambaya." Sa'adiyya ta ce tana ganin fushi Gwaggo take yi da ita. Washegari sai ga Inna Larai da kanta da saƙo: Hajo ta ce gobe in an idar da asuba ta zo da kayan aikinta.

Ta zo gari bai gama wayewa ba, jakarta a kafaɗa. A tsakar gidan ta tarar da manyan matan unguwa zaune a tabarmi, kowacce da carbinta, waɗanda duk ta sha kununsu ta fito hannu rabbana. Gwaggo ce ta tara su, kuma daga ganin fuskokinsu ba a gaya musu dalili ba. Ita tana zaune a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofarta, ta lulluɓe da mayafi har wuyan hannu, kaskon yana kife a gefenta.

Bayan gaisuwa Gwaggo ta ɗaga labule da hannunta ta ce, "Shiga ki duba."

Sa'adiyya ta shiga ta tsaya cak. A ɗakin nan ta yi wayo, a nan ta yi haddar karatun allo da na boko, kayanta na makaranta har malamai sun san ƙamshinsu. Ba ta taɓa shaƙar iskar ɗakin nan ba turare ba sai yau. Warin damshi ne kawai da na tsofaffin zannuwa, irin na ɗakin kowa. Ƙura ta kwanta a murafen kwanukan jere, har gizo-gizo ya samu wuri a kusurwa ya fara saƙa.

Ta kunna tocila ta haska bayan jeren. Ga su nan a lafe, ciki jajir, sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ta haska ƙarƙashin gado, ga wasu. Cikin ninkin zannuwan da ke rataye, ga wasu. Ta sa bututun a baki ta fara zuƙa tana hurawa a kofi, ta cika wannan ta ɗauko wancan, tana yi tana share ido da gefen mayafi don ta ga abin da take yi.

Da ta fito, Gwaggo ta miƙa hannu ta karɓi kofi ɗaya, ta miƙe tsaye ta ɗaga shi yadda kowa za ta gani.

"To ku kalla da kyau," in ji ta. "Daga ɗakin Hajo mai turare aka kamo su. Duk mai zuwa gidan suna ta faɗa, ta ce ni na ce a faɗa."

Aka miƙa kofin hannu zuwa hannu, kowacce ta kanne ido ta leƙa ta cikin yadin. Da ya zo hannun Inna Larai ta daɗe tana dubawa, sannan ta taɓe baki.

"Waɗannan ne ake ta yi wa taro? Wallahi na bayan gadona sun fi su ƙiba. Hajo, jininki ba maiƙo."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Wata ta ce ai in girma ake nema a zo gidanta, su da ke bakin kududdufi, nasu sai an yi da gaske za su shiga bututun. Wata ta ce kada a raina na lungunsu. Kafin rana ta fito sun raba wa Sa'adiyya kwanaki a junansu, har ana musu a kan wadda za a fara da ita, kowacce tana gargaɗin a gaya wa surukarta kada ta kuskura ta taɓa tsintsiya. Suka watse suna ta zolayar juna a lungu.

Sa'adiyya ta jera kofunan a kwali, ta rufe da jiƙaƙƙen tawul don kada zafi ya taɓa su a hanya. Ta san sun isa a fara, ta kuma san na gobe da jibi suna nan tafe. Ta juyo za ta yi godiya, daidai lokacin Gwaggo ta sunkuya ɗaukar buta, mayafin ya zame. Tun daga wuyan hannunta har kafaɗa duk tabon cizo ne, wasu sun kumbura, wasu an sosa har sun fashe.

Sa'adiyya ta koma ɗakin da sauri. Sai yanzu ta ga ƙusoshin da ke saman gado ba komai a jikinsu. Gidan sauron da ta kawo mata tsaraba yana can a ninke a kan akwati.

"Gwaggo, wa ya ce ki cire gidan sauro? Turare da fesawa kawai na ce. Da shekarunki, in zazzaɓi ya kama ki fa?"

"Ke kika ce sai waɗanda suka ƙoshi. Ni kaɗai ke kwana a ɗakin, jinin wa za su sha?"

"Yau ɗin nan za mu je a duba jininki. Kuma yanzu zan mayar da shi, ba kuma za a sake cirewa ba. Su ma sauran sai na bi na gaya musu."

"Mayar," in ji Gwaggo. Ta ja mayafinta ta rufe hannun, ta kawar da kai wajen murhu. "Na raka ki filin jirgi sau ɗaya, na dawo na zauna a ɗakin nan. Na san wanda ya fi ciwo."

Sa'adiyya ta ɗauko gidan sauron daga kan akwatin. Ta hau gado ta ɗaura shi a ƙusoshinsa, ta soke gefunan a ƙarƙashin katifa. Sannan ta fitar da kwalin can zaure inda hayaƙi ba zai kai ba, ta dawo ta tada kaskon da ke kife, ta ɗebo garwashi a murhu, ta buɗe kwalbar da Gwaggo ke ɓoyewa don manyan baƙi.

"Kin cika hannu," in ji Gwaggo daga inda take zaune. "Rage. Ba a Turai kike ba, a nan kike, gobe ma za ki zuba."